Me ya sa mutane ke tsaya wa kuregen Amurka, alhali makiyaya na kuka da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a jihar Kolorado ta Amurka. A bayan gidan da nake haya akwai wani fili cike da ramukan wata dabba mai kama da kurege, wadda suke kira prairie dog. An sayar da filin za a yi gini, kamfanin ya ce guba zai sa musu. Sai ga maƙwabtana sun tashi haiƙan, suna bi gida-gida da takardar sa hannu, har sun ce in zo zaman majalisar gari in yi magana. Ni kuwa abin da na sani a gida, ɓera da gafiya kashe su ake yi. Wannan fafutuka tana da tushe kuwa, ko son dabbobi ne kawai irin na Turawa? Kuma tana yin wani tasiri?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tana da tushe, kuma shawarata ka je zaman nan. Na yi shekaru ina aikin nazarin namun dawa a filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, na ga irin wannan rigima ta ƙare da nasara, na ga ta ƙare da gawarwaki. Abin da ke raba biyun sau da yawa abu ɗaya ne: ko masu fafutukar sun samo filin da za a mai da dabbobin, ko kuwa kwalaye kawai suka ɗaga. Zan dawo kan wannan, amma sai ka fara sanin dabbar da ake magana a kanta.

Idonka bai yi ƙarya ba, dangin kurege ce. Turawa sun laƙaba mata sunan kare ne saboda kukanta yana kama da haushin ɗan kwikwiyo, amma ita da kuregen da ke tona gyaɗa a gonakinmu gida ɗaya suka fito. Iri biyar ne. Mai baƙar jela shi ya fi yawa, kuma in kana gabashin tsaunukan Kolorado, wajen Denver ko Boulder ko Fort Collins, shi ne a bayan gidanka. Sauran su ne mai farar jela, da na Gunnison, da na Yuta, da na Meziko. Zaman gari suke yi. Kowane gida yana da namiji guda, da mata biyu ko uku ko huɗu waɗanda galibi 'yan'uwan juna ne, da 'ya'yansu, kuma kowane gida ya san iyakar ramukansa. In biyu suka haɗu sai su haɗa baki su taɓa haƙoran juna, da haka suke gane ɗan gida da baƙo.

Ka fita gobe da hantsi ka zauna nesa kaɗan, ka yi shiru na rabin awa. Za ka ga ɗaya ya hau tudun bakin rami ya miƙe a kan ƙafafun baya, yana duba sama da ƙasa yayin da sauran ke kiwo. Da shaho ya gifta zai yi ƙara guda mai kaifi, kafin ka ƙifta ido fili ya zama wayam. In kare ne ya tunkaro, kukan daban ne, kuma ba sa shigewa nan take, sai su tsaya a bakin rami suna kallonsa. Farfesa Con Slobodchikoff na Jami'ar Arewacin Arizona ya shafe shekaru da dama yana naɗar kukan na Gunnison, ya nuna cewa kukan mutum daban, na shaho daban, na dila daban, har yana sauyawa da launin rigar mutumin da ya ratso. Wasu masana suna ganin kiran wannan abu harshe ya yi yawa, amma babu mai musun cewa saƙo ne suke isar wa juna.

Inda suka rabu da ɓera nesa ba kusa ba shi ne wajen haihuwa. Wani masani, John Hoogland, wanda ya fara bin su tun shekarun 1970, ya tabbatar cewa macen rana ɗaya tak take karɓar namiji a shekara, na 'yan sa'o'i. Haihuwa ɗaya take yi a shekara, 'ya'yan da ke fitowa daga rami uku ne ko huɗu, kuma kusan rabinsu ba sa cika shekara. Duk wanda ya ce maka suna hayayyafa kamar ɓeraye, bai zauna ya ƙirga ba.

A da, yawansu ya wuce misali. A farkon ƙarni na 20 an kwatanta wani garinsu guda a Teksas mai faɗin murabba'in mil 25,000, wato kusan Kano da Jigawa da Katsina a haɗe, aka ƙiyasta mazaunansa miliyan 400. A 1902 shugaban hukumar nazarin halittu ta gwamnatin tarayya, C. Hart Merriam, ya rubuta cewa guda 32 suna cin ciyawar tunkiya ɗaya, guda 256 kuma ta saniya ɗaya, kuma suna rage amfanin makiyaya da rabi ko fiye. Bai yi gwajin da ya tabbatar da wannan ragi ba, amma maganar babba ce, ta zauna. Aka shiga barbaɗa hatsi mai gubar sitiriknin a miliyoyin ekoki da kuɗin gwamnati, a 1931 kuma majalisar ƙasa ta yi dokar da ta ba ma'aikatar noma ikon kawar da duk dabbar da aka ce tana ɓarna. Garma ta cinye wani ɓangaren ƙasar, birane suka cinye wani. Sai kuma baƙar annoba, wadda ƙuma ke yaɗawa, ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta San Francisco a 1900 ta bazu cikin daji. Waɗannan dabbobi ba su da garkuwarta, in ta faɗa wa gari takan kashe fiye da tara cikin goma a 'yan makonni. Yau filin da suke zaune a kai ya ragu da sama da kashi 95 cikin ɗari.

Da su kaɗai abin ya shafa, da ma da sauƙi. Raminsu gidan haya ne ga wasu. Akwai wata 'yar mujiya mai dogayen ƙafafu da ke ƙwai a tsofaffin ramukansu, takan tsaya a kan tudu da rana tsaka tana juya kai. Macizai da zomaye da kwaɗi suna fakewa a ciki. Gaggafa da shaho da yanyawa da dage na Amurka da su suke ciyar da 'ya'yansu. Wani tsuntsu mai ƙwai a ƙasa yana neman gajeriyar ciyawar da suka datse. Tonon da suke yi yana juya ƙasa, ruwan sama ya samu hanyar shiga, kuma a Janos ta arewacin Meziko an ga yadda itacen ƙaya ke mamaye makiyaya da zarar an kawar da su, domin su ne ke gutsure tsironsa tun yana ƙarami.

Wanda ya fi kowa dogara da su shi ne wani ɗan'uwan bodari mai baƙaƙen ƙafafu da baƙin zane a ido. Kusan kashi 90 na abincinsa kuregen nan ne, a raminsa yake kwana, a ciki yake haihuwa. Da aka ƙarar da abincinsa shi ma ya bi, har a 1979 aka ɗauka ya ƙare a duniya. A 1981, a wani ƙauye mai suna Meeteetse a jihar Wayomin, karen wani makiyayi ya kawo gawar ɗaya gida. Aka bi sawu aka tarar da ragowarsu. Cuta ta sake faɗa musu, zuwa 1987 aka kwashe guda 18 da suka rage aka killace, bakwai daga ciki suka bar zuriya. Daga 1991 aka fara sakin jikokinsu a daji, kuma har yau ɗaruruwa kaɗan ne a waje. Kuɗi da gumin da aka zuba wajen ceto wannan dabba ba kaɗan ba ne, ga shi ba ta iya rayuwa sai a babban garin kurege mai dubban ekoki. Hannu ɗaya na gwamnati yana renon bodari, ɗayan yana sa wa abincinsa guba. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai.

Kada ka je zaman nan da tunanin makiyayi mugu ne. Kukansa yana da gaskiya a ciki, kuma mu da muka tashi cikin manoma da makiyaya mun fi kowa sanin zafin ganin guminka yana tafiya a bakin dabba. Wani bincike da Justin Derner da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, a kan makiyayar arewa maso gabashin Kolorado, ya nuna cewa in kuregen ya mamaye kashi 20 na fili, darajar ƙibar da shanu ke yi takan ragu da kashi 5.5, in ya kai kashi 60 kuma ta ragu da kusan kashi 14. Asara ce ta gaske, musamman a shekarar fari, ga mutumin da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai ta yi ƙasa ƙwarai da abin da Merriam ya faɗa, kuma akwai lokutan da kuɗin guba kan zarce kuɗin ciyawar da aka ceto. Sa'an nan, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuregen nan ba ya son doguwar ciyawa domin tana tare masa gani. Filin da shanu suka kwakkwafe shi yake nema, ya tare a ciki, sai a zo a ga ƙasa tsirara a ɗora masa laifin duka. Batun cewa shanu da dawakai suna karya ƙafa a ramukansa kuwa, kowa na faɗa, amma masu binciken da suka bi diddigi shaida ƙalilan suka samu. Inda ɓarnarsa ba ta da musu shi ne gonar ban-ruwa, domin ramuka suna karkatar da ruwa, suna lalata ciyawar yanka.

Ka tambayi kamfanin wace guba zai sa, domin ba ɗaya suke ba. Akwai hatsi mai sinadarin zinki fosfaid, irin wanda ke cikin wasu magungunan ɓera, yana kashewa cikin sa'o'i. Akwai ƙwayar aluminiyam fosfaid, wadda 'yan kasuwar hatsi a gida suka sani a rumbu da sito. Ita jefawa ake yi a rami a toshe baki, iskarta ta kashe duk mai numfashi a ciki, ko kurege ne, ko mujiya, ko zomo. Akwai hayaƙin kabon monoksaid da ake hurawa, wanda ya fi sauran sauƙin azaba kuma ba ya barin guba a gawa. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce mai tsinka jini, da ake sayarwa da sunan Rozol ko Kaput. Na taɓa ratsa wani fili kwana goma bayan an zuba irinta. Na tarar da ɗaya a bakin raminsa, yana zaune, bai gudu ba da ya gan ni. Jini na fita ta hancinsa, yana jan ƙafafun baya. Sama da mu shaho biyu suna shawagi. Wannan shi ne aibin gubar: dabbar takan yi kwanaki ko makonni tana mutuwa a hankali, ta fito fili ba ƙarfin gudu, mai farauta ya same ta a ɓagas ya kwashi gubar a cikinsa. Dokar amfani da ita ta ce a zuba a cikin rami, a riƙa zagayawa ana kwashe gawarwaki, amma wa zai rigaya gaggafa isa wurin? A 2011 ƙungiyoyin Defenders of Wildlife da Audubon of Kansas suka yi nasara a kotun tarayya kan hukumar kare muhalli, saboda ta amince da Rozol ba tare da ta tuntuɓi hukumar namun dawa kan dabbobin da ke bakin ƙarewa ba, aka dakatar da ita na wani lokaci a jihohi huɗu. Harbi ma yana da nasa. Akwai masu harbinsu don nishaɗi, ɗaruruwa a yini, su bar gawarwakin a fili da ɓarɓashin dalma a ciki, tsuntsaye su ci.

Ka ce a gida ɓera kashe shi ake yi. Haka ne, kuma addini bai hana ba, ɓera yana cikin dabbobin da aka yi izinin kashewa saboda cutarwarsu. Amma ka tuna hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, na wani Annabi da tururuwa ta ciza ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah Ya yi masa wahayi cewa don guda ɗaya ta cije ka ka hallaka al'umma mai tasbihi. Ɓeran da ya shigo rumbunka shi ya zo maka. Waɗannan kuwa a gidansu aka tarar da su, kuma akwai hanyar da za a yi ginin ba tare da an kashe su ba.

Abin da ya sa fafutukar ta koma hannun talakawan gari shi ne ƙofar sama a rufe take. A 1998 ƙungiyar National Wildlife Federation ta nemi a sa mai baƙar jela cikin dabbobin da dokar tarayya ke karewa. A 2000 hukumar namun dawa ta tarayya ta ce ya cancanta amma akwai waɗanda suka fi shi gaggawa, a 2004 ta cire shi daga layin jira, a 2009 ta ce bai cancanta ba. Na Yuta da na Meziko ne kaɗai ke da wannan kariya. Saboda haka makomar na bayan gidanka tana hannun kansilolin garinku, da kwamishinonin gunduma, da mai filin.

Labarin da na fi so in ba mutane ya faru ne a gundumar Logan ta yammacin Kansas, domin jaruminsa makiyayi ne. Kansas tana da doka tun 1901 da ta ba ƙananan hukumomi ikon shiga filin mutum ko bai yarda ba, su sa wa kurege guba, su aiko masa da takardar biyan kuɗi. Wani mai shanu, Larry Haverfield, da maƙwabtansa biyu suka ce a filinsu mai kimanin eka 10,000 ba za a yi ba. Shi kiwon juyi yake yi, yana matsar da shanu daga sashe zuwa sashe, kuma ya ce yana son ganin gaggafa da yanyawa a ƙasarsa. Gunduma ta tasa su gaba, maƙwabta suka juya musu baya, aka yi ta shari'a. A Disamban 2007 suka buɗe wa hukumar tarayya ƙofa ta saki bodarin nan mai baƙin ƙafa a filin, wanda doka ke karewa. A 2010 kotu ta hana gunduma shiga da guba, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2012. Abin lura, ba su yi watsi da kukan maƙwabta ba. An bar zirin doguwar ciyawa a iyaka don rage tsallakawa, waɗanda suka tsallaka gonakin maƙwabta kuma aka riƙa rage su. Haverfield ya rasu a 2014, iyalinsa suka ci gaba.

A birane salon daban ne. Santa Fe ta jihar New Mexico ta yi dokar gari a 2001 da ta wajabta wa mai gini ya kwashe su da rai kafin ya sa katafila. Boulder, a nan jihar da kake, tana buƙatar mai fili ya nemi izini kuma ya nuna ya gwada wasu hanyoyi kafin ya kashe. Waɗannan dokoki mazauna gari ne suka matsa aka yi su, mutane irin maƙwabtanka, masu zuwa zaman majalisa da daddare bayan sun tashi daga aiki.

Kwashewar kanta aiki ne ja. Na yi ta tare da 'yan sa-kai, yawancinsu mata, wasu sun haura sittin. Kwanaki ake yi ana kallon gari ana zana taswirar wane rami na wane gida ne. Sai a jera kejin waya da hatsi mai zaƙi a ciki, a bar su a buɗe har dabbobin su saba, ranar kamu a ɗana tun da asuba, a riƙa zagayawa ana lulluɓe wanda ya shiga da tawul don kada rana ta kashe shi. Masu taurin kai da suka ƙi keji sai a zuba musu ruwa mai kumfar sabulu a rami. Na ga wata dattijuwa kwance rub-da-ciki a cikin caɓi, hannunta har kafaɗa a rami, ta cafko ɗaya sharkaf yana atishawa. Ta goge shi, ta ɗiga masa ruwan wanke ido, aka fesa masa maganin ƙuma, aka sa shi a akwatin danginsa. Wannan na ƙarshe shi ne sirrin aikin. Wata mai bincike, Debra Shier, ta nuna a 2006 cewa waɗanda aka kwashe gida guda tare sun ninka sau biyar wajen rayuwa a kan waɗanda aka cakuɗa da baƙi. A sabon wurin kuma sai an yanke ciyawa, an haƙa musu ramukan fara zama, an kife keji a baki na 'yan kwanaki, in ba haka ba dage da dila su gama da su a makon farko.

To, a nan gizo ke saƙar: ina za a kai su? A 1999 majalisar Kolorado ta yi doka cewa ba a tsallaka da su daga gunduma zuwa gunduma sai da amincewar kwamishinonin inda za a kai su. An yi ta ne bayan wata ƙaramar ƙungiya, Southern Plains Land Trust, ta sayi fili a kudu maso gabashin jihar da niyyar karɓar waɗanda gini ya kora. Kwamishinonin karkara kuwa makiyaya ne suka zaɓe su, da wuya su ce e. Na ga ƙungiyar da ta tara sa hannu dubbai, ta cika zauren majalisa, aka ba ta wata uku, wa'adi ya cika ba ta da ko eka ɗaya. A irin wannan hali ko dai a sa guba, ko a kama su a kashe a kai gawarwakin cibiyar renon bodari da ke arewacin jihar ko wurin jinyar shaho. Ita waccan ƙaramar ƙungiya ba ta karaya ba, ta ci gaba da tara kuɗi tana sayen ƙasa, yau tana riƙe da dubban ekoki da ɓauna da kurege a kai. A ganina wannan ya fi zanga-zanga ɗari.

Fafutukar ba ta tsaya kan kurege ba. Sashen ma'aikatar noma mai suna Wildlife Services yana kashe dabbobi fiye da miliyan ɗaya a shekara. Akasarinsu tsuntsaye ne da aka shigo da su daga waje, amma akwai dubun dubatan koyote, wato dilan Amurka. Cikin kayan aikinsu akwai wani ƙarfe da ake kira M-44, ana kafa shi a ƙasa da ƙamshin nama, dabba ta ja da baki ya fesa mata gubar sayanaid. A Maris 2017, kusa da Pocatello a jihar Idaho, wani yaro ɗan shekara 14 ya taɓa ɗaya a tudun bayan gidansu. Shi ya tsira, karensa ya mutu a gabansa. Iyalin suka ƙi yin shiru, suka yi ta zirga-zirga majalisu. Oregon ta haramta na'urar a 2019, a 2023 kuma hukumar kula da filayen tarayya ta hana amfani da ita a ƙasarta. Gundumar Marin ta Kalifoniya tun 2000 ta daina biyan wancan sashe, ta mai da kuɗin wajen taimaka wa masu tumaki da karnukan gadi da shingen lantarki. Gasar kisa, inda ake ba da kyauta ga wanda ya fi tara gawa, an haramta ta a New Mexico da Arizona a 2019, a Kolorado a 2020, kuma ta Kolorado ta haɗa da kuregen nan. Sai dai abin da sa hannun shugaba ya bayar, sa hannun wani kan karɓe. Shugaba Nixon ya hana gubar namun dawa a filayen tarayya a 1972, Shugaba Reagan ya soke umarnin a 1982. Boulder ma, duk da sunan da ta yi, a 2020 ta amince a kashe su a wasu gonakinta na ban-ruwa bayan manoman da ke haya sun koka. Na ji zafin wannan hukunci, amma na fahimci yadda aka kai gare shi.

Akwai inda nake saɓa wa 'yan'uwana masu fafutuka. Wasu sukan shiga zaure su kira makiyaya makasa, alhali mafi yawan ƙasar da kuregen ke zaune a kai tana hannun waɗannan mutane ne. Na ga zaman da aka kusa daidaitawa, wani ya tashi ya zagi wani dattijo mai shanu, dattijon ya ɗauki hularsa ya fita, da shi aka rasa filin da ake sa rai. Talakawa ma suna ɗaya ɓangaren. A Cedar City ta Yuta mazauna gari ne suka haɗa ƙungiya suka kai gwamnati ƙara, domin kuregen da doka ke karewa ya hana su gini a filayensu, har maƙabarta yana tonawa. Sun yi nasara a 2014, kotun sama ta juya hukuncin a 2017, amma kukansu bai zama ƙarya ba don sun faɗi. Inda aka ga ci gaba mai ɗorewa shi ne inda aka biya mai fili don ya bar wani sashe, aka ba shi tabbacin doka ba za ta kama shi ba in bodari ya mutu bisa kuskure, aka kuma taya shi tsare iyakarsa. Ƙabilun asali ma, irin na Fort Belknap a Montana da Lower Brule a Dakota ta Kudu, sun ba da ƙasarsu an saki bodari, ma'aikatansu suna bi rami-rami suna fesa hodar kashe ƙuma, suna watsa rigakafin annoba da aka cuɗa da ɗanɗanon markaɗaɗɗiyar gyaɗa.

Za a tayar da batun cuta a zaman, ka shirya. Annobar gaskiya ce, amma a duk Amurka kimanin mutum bakwai ke kamuwa a shekara, kuma tana jin magani in an gano da wuri. Kada ka taɓa gawarsu, kada a bar kare ko kyanwa su yi yawo a garin, in kuma ka ga gari ya yi tsit farat ɗaya ka sanar da hukumar lafiya. Wani zai iya ambato ƙyandar biri ta 2003. Wannan daga wajenmu ta zo: gafiya da wasu ƙananan beraye aka kawo daga Gana don sayarwa, aka ajiye su kusa da kuregen da ake kiwo a gida a jihar Ilinoyi, mutane da dama suka kamu. Na daji ba su da hannu a ciki.

Kafin ranar zaman, ka sa maƙwabtanka su nemo abu uku. Su karanta dokar garinku su ga ko tana buƙatar izini ko wa'adi kafin kisa. Su duba da kyau ko mujiyar rami tana filin, domin Kolorado ta sa ta cikin tsuntsayen da ke cikin haɗari, dokar tarayya ta 1918 ma tana kare ta, kuma ganinta kaɗai kan tsai da aiki daga bazara har kaka. Na uku, wanda ya fi duka, su fara buga waya yau suna neman mai karɓa: filin shaƙatawa na gunduma, ko gandun gwamnati, ko wani mai ƙasa a cikin gundumarku don a kauce wa dokar 1999. Kwashewa tana buƙatar izinin hukumar namun dawa ta jiha, takardun kan ɗauki makonni, kuma ba a kamu daga Maris zuwa farkon Yuni lokacin da jarirai ke ƙarƙashin ƙasa. Su je wa kamfanin da lissafin kuɗi da ranar gamawa, domin abin da mai gini ke tsoro jinkiri ne, kuma da yawansu sukan yarda su biya in an nuna musu aikin ba zai tsaya ba.

Kai kuma minti biyu ko uku za a ba ka. Ka faɗi unguwarka, ka ce tagarka tana kallon filin. Ka gaya musu abin da ka gani da idonka a rabin awar nan da na ce ka zauna, ko gida nawa ka ƙirga, ko ka ga mujiya. Ka roƙi abu ɗaya takamaimai, wato a ɗage sa guba zuwa wata rana da za ka ambata, a ba da damar kammala takardun kwashewa. In akwai manomi ko makiyayi a zauren, ka je ka gaishe shi bayan an tashi, ka tambaye shi ko ya san wani mai fili.